Yadda Ake Haɗa Ƙaramar Matatar Shara a Gida: Gas na Girki, Taki da Gawayi

Wanda ya taɓa bi ta kasuwar Kwadon a jihar Gombe da la'asar a lokacin da tumatir ya yi yawa ya san warin da nake nufi: kwandunan ruɓaɓɓen tumatir da tattasai da albasa a jibge gefen hanya, ƙuda ya baibaye su. Ka gangara Dadin Kowa bayan girbi, ka tarar da buntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan injinan casa, an cinna masa wuta yana hayaƙi kwana da kwanaki. Ka leƙa Tike, kasuwar dabbobi, kashin shanu ya hana ka wurin taka ƙafa. Sannan ka dawo gida ka iske uwargida tana lissafin ko ta ɗura gas ko ta sayi gawayi, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 babu abin da bai tashi ba. Buhun gawayin nan kuwa itatuwa ne aka sare, a jihar da zaizayar ƙasa ke cinye gidaje, har sai da gwamnati ta fito da shirin dashen itatuwa na 3G (Gombe Goes Green) a 2019. Abin yana ci mini rai, domin makamashin da muke nema da kuɗi yana zube a juji.

Kowa ya san aikin matatar mai irin ta Kaduna: ɗanyen mai ya shiga, fetur da kananzir da dizal da kwalta su fito. Haka ake yi wa shara mai ruɓewa. Barazil tun 1975 ta ɗauki rake da muhimmanci haka: a samu sukari da man mota, a ƙona abin da ya rage bayan matsa a samu lantarki, ruwan da ya saura ya koma gona. A Sin da Indiya miliyoyin gidajen karkara da gas ɗin kashin dabbobi suke girki, a Ruwanda ma har gidajen yari ana dafa abinci da irinsa. Tamu ta bayan ɗaki ce, amma tsarin ɗaya ne: shara ta shiga, abu uku su fito.

Rabawa tun daga madafi

Kafin ka sayi ko ƙusa, ka koya wa gida raba shara. Bokiti biyu da buhu ɗaya sun isa. Bokitin farko na jiƙaƙƙen abu ne: ragowar tuwo da shinkafa, ƙanzo, ƙasari, ɓawon dankali da doya, ruɓaɓɓen kayan miya. Wannan na tankin gas ne. Buhu na busasshe ne: totuwar masara, ɓawon gyaɗa, guntayen kara. Wannan na gawayi ne. Bokiti na biyu na abin da ba ya ruɓewa ne, leda da kwalba da gwangwani da batir, shi kam ba ruwansa da matatarmu. Ka yi mako biyu kana wannan kana duba yawan abin da gidanka ke fitarwa a rana, ka kuma binciki inda za ka riƙa samun ɗanyen kashin shanu kullum. Idan ba ka da shanu a turke, kuma babu mai kiwo ko mayanka kusa da kai, ka tsaya a kan gawayi da taki kawai.

Haɗa tankin gas

Ka nemi tankunan ruwa na roba baƙaƙe guda biyu, irin su GeePee, ɗaya mai lita 1000, ɗaya mai lita 750. Kafin ka biya, ka auna faɗinsu ka tabbata ƙaramin zai shige cikin babban ba tare da ya maƙale ba, ba kuma tare da ya bar fili mai yawa a gefe ba, domin ta wannan filin gas ke sulalewa. Sai bututun roba mai inci 4 na zubawa, mai inci 3 na fitarwa, gwiwoyinsu, kan famfo mai rabin inci, tiyon gas, gam, da mazurari babba. Ka kira mai gyaran famfo ya taya ka. Aikin yini ɗaya ne.

Wuri shi ne farko. Ka zaɓi inda rana ke duka tun hantsi har la'asar, a fili, nesa da murhun itace da inda yara ke wasa, amma kada ya yi wa madafi nisa sosai. Ka daidaita ƙasa, ka cire duwatsu, ka shimfiɗa yashi ko ka yi daɓen siminti. Tankin in ya cika nauyinsa ya kusa tan guda, ba ya matsuwa.

Ka yanke saman babban tankin gaba ɗaya ya zama kamar ƙatuwar randa. Ka huda gefensa can ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga gindi, ka zura bututun mai inci 4 har bakinsa ya kai tsakiyar tankin daga ciki. Daga waje ka sa gwiwa ka miƙar da shi sama ya ɗara bakin tankin tsawo, ka ɗora mazurari. Wannan ne bakinsa. A ɗaya ɓangaren, daura da shi, ka huda kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki ka sa mai inci 3, ka karkato shi ƙasa inda za ka ajiye bokiti. Ta nan taki zai riƙa fita. Duk abin da ka zuba sabo ta ƙasa, shi zai turo tsoho ya fito ta sama.

Ƙaramin tankin kuma ka yanke samansa, amma ka bar ɗan sirara-sirara na robar a tsakiya kamar haƙarƙari. Suna da amfani: in ka juya tankin sukan farfasa ɓawon da ke taruwa a saman ruwan. Ka huda gindinsa ka ɗaura kan famfon da kyau, da roba da gam. Sai ka kife shi cikin babban. Gas in ya taru zai ɗaga shi sama, in an yi girki ya sauka. Ka kafa ƙarafa ko azara huɗu a kewaye, ka ɗaure su ta sama, don kada ya karkace ko iskar farkon damina ta tuntsurar da shi.

Kafin kashi ya shiga, ka cika da ruwa zalla ka bar shi kwana ɗaya. In akwai yoyo, yanzu ne lokacin gyara.

Cikar farko

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne tankin nan tumbin saniya ne ka gina da roba. Ƙwayoyin halittar da ke narkar da ciyawa a cikin saniya, inda babu iska, su ne za su yi maka aiki. Suna son ɗumi, suna son abinci daidai wa daida, ba sa son a canza musu cima farat ɗaya.

Don haka ɗanyen kashi za ka nema, na ranar, ba busasshen kandilo ba. Baro biyar zuwa shida, wato wajen kilo 300. Ka tsince tsakuwa da kara da leda, ka dama da ruwa, bokitin kashi bokitin ruwa, har ya yi kaurin kunu. Yashi babban abokin gaba ne, domin yana kwanciya a gindi ya cinye wuri, saboda haka ka bar damun ya ɗan kwanta kafin ka juye, ka zubar da na ƙasan. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya fi. In na famfo ne mai warin magani, ka bar shi ya kwana a buɗe. Ka ci gaba da zubawa, ka ƙarasa da ruwa har ya fara leƙowa ta bututun fita.

In kana so ya tashi da wuri, ka je mayanka da asuba ka roƙi abin da mahauta ke zazzagewa daga tumbi, bokiti biyu, tun da ɗuminsa. Ranar da na je nema, dattijon da ke kula da wurin ya dube ni ya ce, "Ɗana, gona za ka kai?" Na ce, "A'a Baba, wuta zan yi da shi." Ya ce, "To Allah Ya nuna mana. In ta kama ka zo ka faɗa mini." Na kuwa koma na faɗa masa, domin irin wuraren nan ne suka fi kowa buƙatar sanin wannan aiki.

Ka buɗe kan famfon, ka danna ƙaramin tankin ya nitse iska ta fita, sannan ka rufe. Daga nan sai haƙuri. Kada ka ƙara komai. A bazara, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga tankin ya fara ɗagowa. A hunturu yakan kai wata. Gas na farko ba na girki ba ne, ya cakuɗe da iska, kuma haɗarin fashewa a nan yake. Ka buɗe ka sake shi ya tafi, babu wuta babu sigari a kusa. Na biyu ma haka. A karo na uku ne za ka gwada, kuma a kan murhu, a ƙarshen tiyo. Kada ka taɓa ƙyasta ashana a bakin tanki.

Daga tanki zuwa tukunya

Gas ɗin da ke fitowa kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari mesen ne, shi ne mai kamawa. Mafi yawan sauran iskar kabon ce wadda ba ta ci da wuta, sai tururin ruwa, sai ɗan abin da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai. Waɗannan biyun na ƙarshe kowanne da maganinsa. Tururin yakan zama ruwa a cikin tiyo ya toshe hanya, ka ga wuta tana tsalle tana mutuwa. Ka sa mahaɗa mai baki uku a inda tiyon ya fi yin ƙasa, da ɗan kan famfo, kana tsiyayewa duk mako. Mai warin kuwa yana cin ƙarfe, kuma guba ne in ya taru a rufaffen wuri. Ka samu guntun bututu mai murfi biyu, ka cusa soson ƙarfe wanda ya yi tsatsa, gas ya riƙa ratsawa ta ciki. In soson ya yi baƙi ƙirin ka canza, ka jiƙa tsohon da ruwa kafin ka yar, domin yakan ɗau zafi in ya sha iska.

Murhun gas na kasuwa ba zai yi aiki yadda yake ba. An yi shi ne don gas mai ƙarfin turi, ƙofar allurarsa ƙarama ce ƙwarai. Ka kai wa mai gyara ya faɗaɗa ta zuwa milimita 2 ko 3, ya rage mashigar iska, sannan ka ware wannan murhun, kada a sake haɗa shi da tukunyar gas. In wutar ba ta da ƙarfi, ka ɗora bulo ɗaya ko biyu a kan tankin sama. Wuta mai kyau shuɗiya ce, da rana da ƙyar ake ganinta, ba ta baƙanta tukunya. Ka shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa. Inda ya yi ƙwai, akwai yoyo. Madafin kuma ya zama mai taga.

Mutane da yawa sukan tambaye ni ko za a iya ɗura shi a tukunyar gas a sayar. Kada ka gwada. Gas na kasuwa yana zama ruwa in an matse shi, shi ya sa kilo 12 ke shiga ƙaramar tukunya. Mesen ba ya zama ruwa a zafin gari irin namu komai matsi, kuma yin dabarar matsa shi da injin firiji yana jefa gida cikin haɗari.

Goggona da ta zo ta ga tiyo ya taso daga tankin kashi, cewa ta yi, "Kai yaro, abincin ba zai yi wari ba? Tsarki fa?" Na ce, "Goggo, ki shinshina wutar da kanki." Warin yana ƙonewa tare da gas, ba ya taɓa abinci. Batun tsarki kuwa, a mazhabar Malikiyya da muke bi, kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba. Shi ya sa na tsaya a kan na shanu da tumaki da awaki, ban kawo zancen masai ba.

Ciyarwa, da lissafin gaskiya

A nan mutane suka fi yin kuskure, don haka zan daɗe. Tankin yana ɗauke da wajen lita 800, kuma abin da ka zuba yana buƙatar kamar kwana 40 kafin ya gama narkewa. Raba 800 gida 40, ka samu lita 20. Abincinsa ke nan a rana: kilo 10 na kashi da lita 10 na ruwa, jarka ɗaya. Kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da wajen lita 40 na gas, wato lita 400 a rana. Murhu mai kai ɗaya yana shan lita 200 zuwa 450 a awa, gwargwadon yadda aka buɗe shi. Ke nan awa ɗaya zuwa biyu na girki. A wata, kwatankwacin kilo 5 na gas ɗin kasuwa ne. Zai dafa shayi da kunun safe da miya, ya ɗumama tuwo. Ba zai riƙe gida mai mutum goma sha biyar ba, kuma duk wanda ya ce maka zai yi, bai gwada ba. Gida mai mutum biyar ko shida da ke son dogara da shi kacokan yana buƙatar kilo 40 zuwa 50 na kashi kullum, shanu huɗu ko biyar a turke, da rijiyar gas ta bulo da siminti wadda sai gwani ya gina.

Ragowar abinci ita ke ƙara auki. Tuwo da shinkafa da ƙanzo suna ba da gas ninki biyu zuwa uku na kashi, tunda saniya ba ta riga ta tsotse amfaninsu ba. Amma suna saurin tsami. Ka fara da gwangwani ɗaya a rana, a jiƙa a dame ko a daka, ka yi mako guda, sannan ka ƙara kaɗan. Kada ka wuce kilo 2 ko 3 a rana, kuma in ka ƙara abinci ka rage kashi. Kashin kaji a sa kaɗan, yana da zafi. Ruwan wanki da omo da bilic, ƙashi, ɓawon lemo mai yawa, da kashin dabbar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, duk kada su shiga.

Ni kaina na taɓa kashe nawa. Bayan wani suna a gidanmu abinci ya yi saura da yawa, na ga asara ce a zubar, na juye duka lokaci ɗaya. Kwana uku tankin ya cika fam da gas, amma ashana ba ta kama shi, ruwan da ke fita kuma yana warin tsami kamar gasarar da ta kwana biyu. Na yi baƙin ciki ƙwarai, don wata uku ina renonsa. Maganin shi ne ka daina ciyarwa gaba ɗaya, ka zuba ɗanyen kashi bokiti biyu ko uku, ka jiƙa toka ko farar ƙasa ka tace ruwan kana zubawa kofi-kofi kullum, kana sakin gas ɗin da ba ya kamawa. Nawa sai da ya yi mako uku kafin ya dawo.

Hunturu ma yana rage shi. Ƙwayoyin sun fi aiki a zafin digiri 35 zuwa 37, in ya sauka ƙasa da 20 sai su yi sanyi. Daga Disamba zuwa Janairu ka naɗe babban tankin da buhunan da aka cika da buntu, ka kewaye da zana ta gefen da iska ke bugowa, ka shanya ruwan damu a rana, ka ciyar da azahar maimakon asuba. Kullum kuma ka kama tankin sama ka juya shi hagu da dama sau biyar ko shida.

Ruwan taki

Jarka ɗaya ta shiga, jarka ɗaya za ta fito. Ruwa ne baƙi-baƙi, ba shi da wari sosai, ƙuda bai damu da shi ba, kuma sinadaran da shuka ke so suna nan a narke. Masu lambu sun fi ganin darajarsa a kan gas ɗin kansa. Ka sirka kashi ɗaya da ruwa kashi uku, ka zuba a gindin shuka da yamma. Kada ka bar shi a buɗe cikin rana, ƙarfinsa yana bin iska. Tankin bai kashe dukkan ƙwayoyin cuta ba, saboda haka kada ka watsa a kan latas da kabeji da duk abin da ake ci ɗanye, kuma ka wanke hannu. In ba lokacin shuka ba ne, ka haƙa rami a inuwa, ka shimfiɗa ƙaiƙayi da busasshen ganye, ka kwarara ruwan, ka sake shimfiɗawa, haka haka har ya cika. Ka juya duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki mai ƙanshin ƙasar damina.

Gawayi daga totuwa da ɓawon gyaɗa

Ka samu duro mai lita 200 da murfinsa, wanda ba a zuba maganin feshi a ciki ba. Ka huda gindinsa wuri shida ko takwas, ka ɗora a kan duwatsu uku, can bayan gari ko a gona, ba cikin unguwa ba. Ka cika da busasshiyar totuwa, ɓawon gyaɗa a tsakanin, ka kunna ta ƙasa. Da fari hayaƙi fari ne mai kauri, ruwa ne ke fita. In ya sirance ya koma shuɗi-shuɗi, ka zare duwatsun duron ya zauna a ƙasa, ka rufe, ka liƙe baki da gindi da laka. Iska in ta shiga, toka za ka tarar. Ka bar shi ya huce har gari ya waye. Abin da za ka samu kamar kashi ɗaya cikin huɗu ne na nauyin abin da ka zuba.

Ka daka a turmin da ba na abinci ba, ka ɗaure hanci da ƙyalle, ka tankaɗe. Ga kowane kilo 10 na garin gawayi, ka dama rabin kilo zuwa kilo ɗaya na sitacin rogo da tafasasshen ruwa kamar koko, ka kwaɓa. Gwajinsa a hannu yake: ka dunƙula, in ya riƙe bai ɗiga ruwa ba, ya yi. Ka cusa a guntun bututun ƙarfe mai inci 2, ka danna da taɓarya ko guduma, ka turo shi waje. In ka bar rami a tsakiya da sanda zai fi saurin kamawa. Curin gawayi ke nan. A shanya kwana uku zuwa bakwai. Wanda ya bushe da kyau in ka sake shi daga tsawon ƙugu ba ya wargajewa. Kamar kowane gawayi, kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Buntun shinkafa dabam ne. Kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa toka ce, don haka gawayinsa shi kaɗai ba ya zafi, yana cika murhu da toka. In za ka sa a curi, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Inda ya fi amfani shi ne gona. Ka babbake shi ya yi baƙi bai zama toka ba, ka kashe da ruwa, ka jiƙa shi cikin ruwan takin tanki na mako biyu ya tsotse, sannan ka zuba a ramin shuka. A ƙasa mai yashi irin ta arewacin Gombe, wajen Dukku da Nafada, yana taimaka wa ƙasa riƙe laima da taki.

Lokacin tara totuwa da ɓawon gyaɗa kaka ne, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da masu sussuka ke neman wanda zai kwashe musu. Ka yi curinka a rani, rana na nan, ka zuba a buhuna ka ɗora a kan katako a ɗakin da ba ya yoyo, domin a watan Agusta ne itace ke jiƙewa gawayi kuma ya yi tsada.